Sandar Tsoho Ta Kwana a Dandali

JAƁƁO: Salamu alaikum. Alo? Kubra, kina ji na?

KUBRA: Amin, alaikumus salam. Wa ke magana?

JAƁƁO: Ji mini mata! Ba ki da lambata ne?

KUBRA: Lambar ina da ita, muryar mai ita ce na manta. Rabon da ka kira ni tun ranar sunan Mahbuba, ga ta nan yau har tsere take da kaji a tsakar gida.

JAƁƁO: To ni ne Jaɓɓo, ɗan kawunki, ubangidanki a wasan taubasai. Jam waali?

KUBRA: Jam tan. Tsaya nan, iyakar Fillancina ke nan, kar ka ƙara ko kalma guda.

JAƁƁO: Goggo dai ta yi asara. Ta baro ruga ta auri ɗan kasuwa, ta haifo muna 'yar birni.

KUBRA: Ban taɓa jin ta yi kuka da hakan ba. Ina kwana? An tashi lafiya?

JAƁƁO: Lafiya lau. Ya gida? Ya yara?

KUBRA: Lafiya ƙalau. Ya Humaira amarya? Ko ta daina amsa amarya?

JAƁƁO: Tana nan tana amsawa. Ya maigidan, Attahiru?

KUBRA: Ya ƙetara Konni da albasa tun shekaranjiya, sai yamma muke sa ran shi. Ya mutanen Garu? Ya shanu?

JAƁƁO: Suna nan suna fama da zafi.

KUBRA: Ya Inna?

JAƁƁO: Tana lafiya.

KUBRA: Ya jikin Kawu Yari? An ce zazzaɓi ya ɗan taɓa shi.

JAƁƁO: ...

KUBRA: Alo? Jaɓɓo? Na ce ya jikin mahaifinka?

JAƁƁO: Ina ji, ina ji. Layin ne ke rawa. Tsoho ya ji sauƙi, har ya fita wajen shanu. To... ya gida?

KUBRA: Ka tambaya.

JAƁƁO: Ya yara?

KUBRA: Su ma ka tambaya, kuma ba su ƙaru ba daga ɗazu zuwa yanzu. Kai, mutumin da ke ƙyashin kati awa jinin jikinsa, yau shi ke ta zuba mini gaisuwa da sassafe? Mi ya faru?

JAƁƁO: Ba komi wallahi. Zumunci ne. Ke kuma mi ya sa kike haki?

KUBRA: Daga waje nike, yanzu na shigo. Faɗi abin da ke bakinka.

JAƁƁO: A'a, dama... gidanku ba shi ne bayan sabon dandalin nan ba? Wanda anka kewaye gonar albasa da kwano anka ce wurin wasa ne?

KUBRA: Katanga guda ta raba mu.

JAƁƁO: Kun dai samu barci jiya da wannan hayaniya?

KUBRA: Wa yac ce maka an yi hayaniya? Ba kai ne kac ce kiɗan lasifika na marasa aikin yi ne ba, kai sarewarka ta ishe ka?

JAƁƁO: Labari na ji.

KUBRA: Oho, labari. Wanda ya ba ka labarin, ko shi ne wani dogo mai shuɗiyar riga, da baƙin tabarau bayan rana ta faɗi, zaune bayan lasifika ya toshe kunne guda da yatsa?

JAƁƁO: Innalillahi! Kina ciki?

KUBRA: Ni? Allah ya kiyaye. Bisa soronmu nike, ni da matan maƙwabta, da tabarmarmu da dafaffiyar gyaɗa. Mun ga komi tsaf, iska na kaɗa mu, ba wanda ya taka muna ƙafa. Ku da kunka sayi tikiti mu ke tausaya wa.

JAƁƁO: Humaira ce fa ta matsa. Kullum waƙoƙin Abu Mai Jar Hular nan take ji a waya, ko tatsa take. Da anka ce za a kawo shi Illela sai ta hana ni sakat.

KUBRA: Humaira ce kuma ta saya maka tabarau?

JAƁƁO: Bar maganar tabarau. Kubra, ban taɓa ganin wulaƙanci irin na jiya ba, kuma da ƙafata na kai kaina. An ce wasa daga la'asar zuwa magariba. Nic ce to, kafin isha'i muna gida. Munka zo munka ishe ƙofa guda, 'yar ƙarama, awa ta akurkin kaji, mutane tun daga Araba har Konni a kanta, rana na dukan ƙeya.

KUBRA: Mun gan ku. Wata cikinmu har cewa ta yi ko rabon taki ake.

JAƁƁO: Da munka kai ƙofar, wani ƙato ya cafki hannuna ya buga mini hatimi da tawada, awa buhun da zai ƙetara iyaka. Wai alamar shiga. Kubra, tun jiya nike wankewa. Na sa sabulu, na sa toka, na goga da yashi, tana nan raɗau a bayan hannuna.

KUBRA: Madalla. Ko ka ɓata yanzu an san inda za a maida kai.

JAƁƁO: Humaira ta zo da furarta a jallo, sunka ce ba a shiga da abin sha, akwai na sayarwa ciki. Sunka karɓe. Ina waigowa na gan su sun kewaye jallon suna miƙa wa juna. Ɗaya har shina ce mata, "Hajiya, nonon ya yi kauri, Allah ya yi albarka."

KUBRA: Kai! Ai ko sun yaba.

JAƁƁO: Ruwan nasu na ciki kuwa, a leda, an jibge shi cikin rana tun safe. In kin sa ganyen shayi ciki ya nuna.

KUBRA: Amma dai ka samu kujera. Na ga kujerun manyan baƙi kunka dosa, kana tafe kana ɗaga kafaɗa.

JAƁƁO: Ta manyan baƙi! Kujerar roba ce anka ɗaura wa jan ƙyalle. Ko share gonar ba su yi ba, fangalin albasar na nan yadda yake. Ƙafa biyu bisa tudu, ƙafa biyu cikin rami. Sun kuma zuba ruwa wai don ƙura ta kwanta, wurin ya zama taɓo. Ga warin ruɓaɓɓiyar albasa na tasowa.

KUBRA: Kar ka zagi albasa, ita ke ciyar da gidanga.

JAƁƁO: Ina zuwa kujerata na ishe wani mutumin Konni, mai jiki, ya cika ta har ya zubo. Na nuna masa lambata, ya nuna mini tasa, iri ɗaya. Muna cikin haka sai ga wata mata daga Amarawa, ita ma lambarta ke nan. Munka kira yaron wurin, ya duba ya duba, yac ce, "To ku yi haƙuri ku riƙa karɓa-karɓa."

KUBRA: Wayyo cikina! Karɓa-karɓa?

JAƁƁO: Kujerar ce ta raba gardama. Mutumin na gyara zama ta nutse da shi, ƙafafun baya sunka baje, ya kwanta rigingine cikin fangali shina salati da Faransanci.

KUBRA: Ba a salati da Faransanci, Jaɓɓo.

JAƁƁO: To ni dai ban gane abin da yake faɗi ba. Daga nan sai manajan wurin ya zo, wani Usama, da waya biyu a hannu, yac ce don a wanke mini rai za a kai ni gaba can kusa da mawaƙi. Na ji daɗi har na yi godiya. Ashe bayan lasifika ne. Lasifikar ta fi bukkata tsawo. Ban ga mawaƙi ba, ban ga makaɗa ba, bayan akwati na yi ta kallo da wayoyi. Kunnena na hagu har yanzu ƙara yake.

KUBRA: Humaira fa?

JAƁƁO: Mi? Hura? Wace hura, ba na ce sun shanye ba?

KUBRA: Humaira nic ce! Maida wayar kunnen dama!

JAƁƁO: Oho. Ita an kai ta ɓangaren mata, an raba mu da igiya. Ta ce ta ga jar hular daga nesa, ta wadatu.

KUBRA: Ai bai zo ba sai da anka yi isha'i.

JAƁƁO: Ke ma kin gani! Muna zaune wani yaro na ta cewa "gwaji, gwaji" a lasifika, cikin kunnena, tun rana na sama har taurari sunka fito. Da na nemi wurin kama ruwa, anka nuna mini wani zana can ƙarshen gona, an kewaye gefe uku an bar guda a buɗe.

KUBRA: Na sani. Gefen da anka bari soronmu yake kallo. Dole munka juya tabarma.

JAƁƁO: Subhanallahi! Ni dai ban shiga ba.

KUBRA: Ban ce ka shiga ba. Ban kuma ce ba ka shiga ba.

JAƁƁO: Kubra, don Allah bar wasa.

KUBRA: To na bari. Amma ka ji lokacin da janareto ya mutu? Na injin niƙan unguwarmu ne fa sunka aro. Wuta na ɗaukewa muryar mawaƙin ta ɗauke tare da ita, ya tsaya shina ta motsa baki. Da ya ga abin ya yi yawa ya ɗaga tasa muryar ta Allah, akuyarmu ta amsa masa daga turke.

JAƁƁO: Wannan kam na ji, shi ne kaɗai lokacin da kunnena ya huta.

KUBRA: To duk wannan ai abin dariya ne, ka sha wuya ka koma gida. Mi ya sa ka kira ni da sassafe?

JAƁƁO: ...Sanda.

KUBRA: Wace sanda?

JAƁƁO: A bakin ƙofa sunka ce ba mai shiga da sanda. Kin san mu, rabin mutanen wurin daga ruga suke, kowa da tasa. Sunka karɓe duka suna jefawa wuri guda, tsibi awa itacen sayarwa. Nic ce wa ƙaton nan, ina shaidar da zan nuna in karɓi tawa? Yac ce, "Ka riƙe kamanninta a ranka."

KUBRA: Ikon Allah.

JAƁƁO: Da anka tashi, ba fitila a ƙofar, kowa ya auka wa tsibin nan cikin duhu. Mai ja na ja, mai zagi na zagi. Na haska da waya, na tona har ƙasa, na zauna har wuri ya watse. Guda ɗaya ta rage. Wata ɗanyar sandar dogon yaro, karkatacciya, an naɗe kanta da robar tayar keke.

KUBRA: To sai mi? Sandarka ai ba ta fi wannan da komi ba. Ka shiga daji ka saro wata.

JAƁƁO: Ba tawa ba ce.

KUBRA: Ta wa?

JAƁƁO: Ta Tsoho.

KUBRA: Ta Kawu Yari? Baƙar nan mai zobban tagulla? Wadda ya gada wurin Kaka?

JAƁƁO: Ita.

KUBRA: Mai tabon haƙorin kura? Kurar nan da kowace shekara in ana ba da labarinta sai ta ƙara girma?

JAƁƁO: Kubra, ba lokacin wasa ba ne wallahi.

KUBRA: Yo mi ya kai ka? Mu da muna yara ko tsallake ta ba a bari mu yi.

JAƁƁO: Shina kwance da zazzaɓi, ya jingine ta bakin bukka. Nic ce kafin ya farka na dawo da ita. Ni dai... tun ina yaro nike kallon sandar nan. Ban taɓa fita da ita ko bakin garke ba. Jiya na sa sabuwar riga, na dubi tawa sandar, na dubi tasa, zuciya ta ce mini yau ɗaya dai, a gan ka cikin mutane da ita.

KUBRA: Da sai ka roƙe shi aro.

JAƁƁO: Ta yaya? Kin manta ni ne ɗan fari? Mutumin da tunda anka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan yaron" nike har yau, ga gemu. In zai ce in kai shanu rafi, Inna yake gaya wa, ina tsaye a wurin. Ni ma ban taɓa zama tabarma guda da shi ba. Da wane baki zan ce, ara mini sandarka in je kallon waƙa?

KUBRA: Fulako dai, fulako. Ku kam kuna wahal da kanku. To da ka koma mi ka yi?

JAƁƁO: Na jingine karkatacciyar inda tasa take.

KUBRA: La'ilaha! Mai robar keken?

JAƁƁO: Na kwance robar.

KUBRA: Kai amma ka yi dabara! Shi ke nan ba zai taɓa ganewa ba.

JAƁƁO: Ki yi ta dariya. Da asuba ina laɓe bayan bukkata ya fito. Idonsa dama ba ƙarfi yanzu. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya jinjina ta, ya shafa kanta, ya kai hanci ya sansana. Na ce yau sai ƙasa ta tsage in shige.

KUBRA: Yac ce mi?

JAƁƁO: Ya juya wajen Inna yac ce, "Ashe zazzaɓin nan ba ni kaɗai ya kama ba, dubi yadda sandata ta rame."

KUBRA: Wayyo Kawu! Wayyo Allah cikina!

JAƁƁO: Ya dogara ta ya tafi wajen shanu, tana lanƙwashewa. Ko inda nike bai kalla ba. Wallahi Kubra da ya kwaɗa mini ita a baya da na fi samun sauƙi. Kuma yau Lahadi, ranar kasuwa. Tunda nike ban taɓa ganin ya shiga kara, wurin cinikin shanu, ba da sandarsa ba. Duk dillalan Illela sun san ta. In ya shiga da wannan abin, kowa sai ya tambaya, shi kuma ba zai faɗi ba, zai tsaya ne ya sha kunyar a madadina.

KUBRA: To yanzu mi kake so baiwarka ta yi maka?

JAƁƁO: Ki taimake ni ki leƙa dandalin. Ko wani ya ɗauka bisa kuskure ya maido. Ki tambayi Usaman nan. Ni in na zo na gan shi ban san abin da zan yi masa ba.

KUBRA: In kuma ta ƙetara Konni fa? Ka san jiya rabin mutanen daga can suke.

JAƁƁO: In ta ƙetara, ni ma na ƙetara. Na riga na gaya wa Humaira ta ɗaure kaya. In kora shanu in yi arewa tun damina ba ta faɗi ba, in ya so in dawo bayan shekara. Ba zan iya kwana ina tashi ina kallon shi da sandar dogon yaro ba.

KUBRA: Kai haba! A kan sanda za ka bar tsoho da zazzaɓi?

JAƁƁO: Ke ba ki gane ba.

KUBRA: Na gane sarai. To saurara. Jiya kana bayan akwatinka, ka ji lokacin da iska ta taso?

JAƁƁO: Na ji mutane sun yi ihu, na ɗauka waƙar ce ta yi daɗi.

KUBRA: Rumfar da ke bisa mawaƙin ce ta karye. Gorar da ta riƙe gefe guda ta tsage, tamfol ya sauko ya rufe mai ganga ruf. Sai yaran wurin sunka ruga ƙofa, sunka tona tsibin sandunanku, sunka zaɓo wadda ta fi kowace ƙarfi, sunka ɗora ta bisa wani benci sunka tokare rumfar da ita.

JAƁƁO: Kar ki ce mini...

KUBRA: Duk waƙar da anka yi jiya, a ƙarƙashin sandar Kawu anka yi ta. Kai ka sayi kujerar manyan baƙi ba ka ga komi ba, ita ta shiga kyauta ta kwana bisa dandamali kusa da Abu Mai Jar Hula.

JAƁƁO: Allahu akbar! Tana can ke nan? Kubra, ki ruga yanzu, don girman Allah, kafin su kwance rumfar!

KUBRA: Ba ka tambaye ni mi ya sa nike haki ba ɗazu?

JAƁƁO: Na tambaya, kinka ce daga waje kike.

KUBRA: To daga can nike. Na ishe manajanka zaune ƙarƙashin rumfar, ya miƙe ƙafa shina shan shayi da burodi. Na gaishe shi da mutunci, nic ce sandar can ta kawuna ce, na zo karɓa. Ko ɗago kai bai yi ba. Wai su ba su ɗaukar alhakin kayan kowa, in dawo jibi in an kwance rumfa, in zo da shaidar cewa tawa ce.

JAƁƁO: Shaida? Su da sunka ce in riƙe kamanninta a raina?

KUBRA: Haka nic ce masa. Yac ce dokar wuri ce. Nic ce to madalla. Na gyara goyon Mahbuba, na taka bencin, na kama sandar da hannu biyu na fizge.

JAƁƁO: Rumfar fa?

KUBRA: Ta sauko masa a ka, da shi da shayin da burodin. Ina jin shi cikin tamfol shina ta kiran yaransa. Nic ce masa ya yi haƙuri, ni ma ba ni ɗaukar alhakin rumfar kowa.

JAƁƁO: Kubra! Kubra 'yar Goggo! Wallahi daga yau na 'yanta ki, ke ce uwargijiyata!

KUBRA: A'a, riƙe sarautarka, ni dai a kawo mini man shanu.

JAƁƁO: Har da kindirmo! Tana hannunki yanzu? Ba ta karye ba? Zobban na nan?

KUBRA: Ko ƙwarzane babu. Sai ɗan warin albasa.

JAƁƁO: Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Bari in nemi mai mashin yanzun nan. In na kawo ta sai in ce wa Inna ta gaya masa na kai ta gari ne a ɗaure zoben da ke motsi. Kin ga shi ke nan, ba wanda...

KUBRA: Kar ka wahal da kanka da ƙarya, ba ka iya ta ba.

JAƁƁO: Tsaya ma tukuna. Ni yanzu na kira ki. Ke kuma kin ce tun ɗazu kinka je. Daga bisa soro, da dare, kinka gane sandar Tsoho?

KUBRA: Na ga tagulla na walƙiya, na ce ta yi kama.

JAƁƁO: Kama ba ta sa mace ta rusa rumfar mutane da sassafe. Wa ya gaya maki? Humaira?

KUBRA: Alo? Layin na rawa...

JAƁƁO: Layin lafiyarsa lau, ni na fara wannan dabarar. Wa ya gaya maki?

KUBRA: An ce kar in faɗi.

JAƁƁO: Wa yac ce?

KUBRA: Kai ne mutum na biyu da ya kira ni yau a kan sandar nan, Jaɓɓo.

JAƁƁO: ...Tsoho?

KUBRA: Gari na gama wayewa wayarsa ta shigo. Daga cikin garke yake magana, ina jin kukan maraƙa.

JAƁƁO: Ya san inda na je?

KUBRA: Kai da ka miƙa wa Inna ƙwaryar nono a gabansa da hatimi a bayan hannu? Yac ce idonsa ya yi rauni amma bai kai nan ba. Yac ce kuma Humaira tun asuba take rera waƙar mai jar hula tana tatsa.

JAƁƁO: Innalillahi. Mi yac ce? Faɗa mini yadda ya faɗa, kar ki rage.

KUBRA: Yac ce, "Kubra, ina da aike. Wancan yaron ya ɗauki sandata ya kai ta kallon waƙa, ta ƙi biyo shi gida. Ki dubo mini ita a wurin nan na bayan gidanku. In kin samu kar ki kawo mini, ki ba shi a hannunsa. Ni yau ba ni zuwa kasuwa, zan yi nisa da maraƙa wajen fadama har azahar, ya samu sarari ya jingine ta inda ya ɗauka. Kar ya san na sani, kunya za ta kore shi daga gida."

JAƁƁO: Haka yac ce?

KUBRA: Ka ga ya san ka. Kai kana can kana ɗaure kaya.

JAƁƁO: Ya fasa kasuwa saboda ni? Da zazzaɓi ya tafi fadama?

KUBRA: Da sandar dogon yaro kuma. Nic ce masa, Kawu, ba ka yi fushi ba? Sai yac ce, "Fushin mi? Ai tasa ce. Tun ranar da anka haife shi tasa ce, riƙo nike masa. Bakin gaya masa ne ba ni da."

JAƁƁO: ...

KUBRA: Alo? Jaɓɓo? Kana nan?

JAƁƁO: Ina nan.

KUBRA: Kuka kake?

JAƁƁO: Wa? Ni? Layin Nijar ne ya ja wayar, kin san nan wajenmu haka yake yi.

KUBRA: Layin Nijar har jan majina yake?

JAƁƁO: Albasar wurin nan ce, tun jiya ba ta bar idona ba.

KUBRA: To Allah ya sawwaƙe. Ni dai na karya alkawarin kawuna saboda kai, in ka nuna masa ka sani, ni da kai ne.

JAƁƁO: To in ya dawo daga fadama ya ishe ta, in ce masa mi?

KUBRA: Da can mi kuke cewa? Kar ka ce komi. Ka shafa mata man shanu ka jingine, ka gaya wa Humaira ta kwance kayanta. Shi zai gaya wa Inna sandarsa ta warke, kai kuma kana laɓe bayan bukka kana ji.

JAƁƁO: Ga ni nan tafe. Ki ɓoye ta a ɗaki, kar ki bari yara su...

KUBRA: Ai ka makara, Mahbuba ta hau ta tun ɗazu, sukuwa take a tsakar gida.

JAƁƁO: Kubra! Sandar Kaka ce fa! Ki karɓe, ki... kash, ga matar kamfanin waya ta fara magana, katina zai ƙa...

KUBRA: Alo? Alo, ubangidana? Ya tafi. Mahbuba! Sauko daga sandar nan haka nan, mai ita na bisa hanya.